Koren Fakiti

Nas ta sake ɗora Shalele a kan sikeli, ta ƙwanƙwasa gilashinsa da farce, wai ko allurar za ta matsa gaba. Allura ta ƙi. Yarinyar na tsaye a kai da safa, rigar makarantar da aka ɗinka mata daidai jikinta a bara tana lilo a kafaɗunta.

"Ta ƙara raguwa," in ji likita, ba tare da ta ɗago daga sakamakon gwajin da ke gabanta ba. "Jininta ma ya nuna. Akwai mai ba ta alkama."

"Babu," uwar ta ce.

"Akwai."

"Na ce miki babu, likita! Gidana ne, ni nake girki!"

Barkono ake ce mata tun tana ƙarama, kuma mahaifiyarta ce ta raɗa mata, ba don wasa ba. A shagon wanki da guga inda take aiki, ko mai shagon sai ya duba fuskarta kafin ya yi magana. Amma yau dai da gaskiyarta take ji. Tun bara da aka gano hanjin Shalele ba ya shiri da alkama, cewa ko ɓurɓushi ya shiga cikinta sai hanjin ya ɗaye abinci ya riƙa wucewa bai zauna ba, Barkono ta juye gidan nan kaf. Burodi ya fita, taliya ta fita, fulawa ta fita har da rariyar tankaɗenta. Ta canza tukwane, ta canza cokula. Mijinta in yana marmarin burodi sai dai ya ci a waje ya wanke hannu da baki kafin ya hawo bene. Sannan wata ta zauna a kan kujera mai juyawa ta ce akwai mai ba ta alkama!

Likita ta rufe fayil ɗin. "Ban ce ke ce ba. Amma in kuka dawo na ga ta sake raguwa, gado zan ba ta, mu sa mata tiyo ta hanci. Yarinya ba za ta girma a haka ba. Me take ci sosai?"

"Shinkafa kaɗan. Ƙwai in ta ga dama. Sai biskit ɗinta, marar alkama, na kanti. Shi kam tana ci."

"To ki bincika. Makaranta, maƙwabta, dangi. Yawanci dai kakanni ne, tausayi ke sa su."

Barkono ta sauko da yarinyar daga kan sikeli. Ta durƙusa tana sa wa Shalele takalmi, ta ja igiyar har yarinyar ta ce, "Mama, ya matse ni."

Kakanni! Ai ta riga likita zuwa nan. Makonnin baya, da ciwon cikin ya dawo, da gudawa da kasala, zarginta ya fara sauka ne a kan Inna, mahaifiyarta. Inna ce ke zama da Shalele kullum daga tashi makaranta har Barkono ta dawo aiki. Kuma Inna ce, can farkon lamarin, ta taɓa cewa, "Mu dai a zamaninmu ba mu san ciwon burodi ba." Sau ɗaya ta faɗa, amma Barkono ba ta mantuwa. Ga kuma jakar nan tata, baƙa mai zip, wadda tun Barkono na yarinya ba a taɓa buɗe ta an rasa abin taɓa baki a ciki ba. Duk yaron da Inna ta haɗu da shi ya san hanyar jakar nan. Shalele ko gaisuwa ba ta gamawa take zura hannu.

Wata rana, a bakin ƙofa Barkono ta tare ta, mijin yana zaune yana kallo.

"Inna, kawo jakar."

"Me za ki yi da ita?"

"Dubawa zan yi."

Inna ta dubi surukinta, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin kujera. Barkono ta fizge jakar ta zazzage ta a kan tebur. Makullai, hankici, maganin hawan jini, lemo guda, da ɗan ƙullin dabino. Ko ƙamshin fulawa babu. Wani da ya ga haka sai ya ba da haƙuri, amma bakin Barkono ya riga hankalinta.

"To kin riga kin ba ta jiya. Inna, in kashe min 'ya za ki yi da tausayinki, gara ki zauna a gidanki."

Inna ta tattara kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta mayar, ta zuge. Lemon ya gangara ƙasa, ba ta bi shi ba. Tun daga ranar ba ta sake hawa benen ba, kuma ba ta kira ba. Shalele sai dai ta wuni a shagon guga a kan tulin zannuwan gado, tana tambayar yaushe Inna za ta zo.

Yanzu a cikin bas, yarinyar ta kwantar da kai a cinyarta, lissafin ya ƙi fita. Inna ba ta nan, ciwo kuwa sai gaba yake yi. Maimakon zuciyar ta sauka, sai ta nemi wani wurin sauka. Barkono ta zaro waya ta kira mijin.

"Kai ne?"

"Ni ne me?"

"Kai kake ba ta! Ko a motarka ta tsinci wani abu. Na san ka da ajiye burodi a ƙarƙashin kujerar direba kamar ɓera!"

"Haba, Barkono. Yaushe rabon da ta shiga motar nan? Me likita ta ce?"

"Tiyo ta hanci, abin da ta ce ke nan! Gobe sai na je makarantar nan, malamar nan mai fara'ar banza sai ta gaya min abin da ake rabawa a aji."

Wata dattijuwa a kujerar gaba ta waiwayo ta ce, "Yi a hankali, 'yata, yarinya na barci."

"Ba barci take ba, baba, ƙarfi ne babu," in ji Barkono, ta kashe wayar.

Suka sauka a gaban babban kantin da take sayayya. Gwangwanin Shalele mai jan murfi ya kusa ƙarewa, kuma tunda biskit ne kaɗai ke shiga cikin nan ba gardama, ba za ta bari ya yanke ba. Kwanan nan ma yarinyar ta fi cinsa. Har cewa ta yi, "Mama, biskit ɗina ya ƙara daɗi." Barkono ta ji sanyi a ranta, ta riƙa ƙara mata, da safe, a jakar makaranta, da yamma, har da lallashi, "Ƙara ɗaya, Shalele, ɗaya tak saboda Mama."

Ƙafarta ta san hanya. Layin ƙarshe, kusa da firji, kanta ta tsakiya, inda aka liƙa doguwar alama mai cewa kayan da babu alkama. Koren fakiti. Kullum a guje take zuwa, tsakanin tashi aiki da bas ɗin yamma, ta miƙa hannu ta ɗauka, a gida ta yage ta juye a gwangwani ta jefa ledar a shara.

Yau sai ta tarar da mutum a wurin. Ma'aikacin kanti ne, magidanci mai furfura a gemu, sanye da rigar aiki, ya durƙusa da gwiwa ɗaya. Wurin biskit ɗin Shalele wayam. Tana tsaye tana jira ya gama, sai ta ga ya sa hannu a kantar gefe, ta biskit ɗin kowa da kowa, ya jawo korayen fakiti ya tura su cikin wurin, ya jera su tsaf, fuska na kallon gaba, daidai saman alamar nan.

"Malam, me kake yi?"

"Cike giɓi nake, Malama. Ɗauki naki, yanzu zan matsa."

Ta ɗauki ɗaya. Kore ne, koren da ta sani. Sunan kamfani ɗaya, hoton biskit ɗaya. Ta duba kusurwar ƙasa, inda zangarniyar alkama take zama a cikin da'ira an soke ta da layi. Babu da'ira, babu layi. Ta juya bayan fakitin, ta kai shi kusa da ido. Kalma ta farko a jerin kayan haɗi ita ce garin alkama.

Ta juyo wurin ma'aikacin.

"Tun yaushe?"

"Na'am?"

"Marar alkamar, tun yaushe ya ƙare?"

Mutumin ya sosa gemu. "Ai an kwana biyu. Ya fi wata, ina jin ya kusa biyu ma. Mota ba ta kawo ba. Mu kuwa dokar gidan nan, ba a barin kanta da giɓi. In abu ya ƙare, sai a jawo na kusa da shi mai kama da shi a rufe. Manaja in ya zagayo ya ga rami, ni zai ci wa mutunci."

"Kira min shi."

"Malama, in canji kike so..."

"Kira min shi, na ce!"

Muryarta ta kai har wurin masu karɓar kuɗi. Manajan ya fito da kansa, matashi mai ƙamshin turare, waya a hannu, da murmushin nan da ake koya musu.

"Lafiya, Malama?"

Barkono ta kamo hannun Shalele ta ɗaga shi sama, hannun da bai fi kaurin muciya ƙarama ba. "Kalli nan. Kalle shi da kyau! Yanzu daga asibiti muke. Karanta min abin da ke rubuce a bakin kantar nan."

"Kayan da babu alkama."

"Wannan kuma fa?" Ta manna masa fakitin a ƙirji.

Ya karɓa, ya jujjuya, murmushin bai gushe ba. "Eh, to, wannan na yau da kullum ne. Ɗan tsari ne na jera kaya, don kanti ya yi kyan gani. Mai saye ba ya son ganin wuri fanko."

"Kyan gani! Kun ji min mutum! Hanjin 'yata kuke cike giɓi da shi? Wata biyu ina ɗura mata guba da hannuna, ina lallashinta ta ƙara, don kar idonka ya ga rami?"

Mutane suka fara taruwa da kwandunansu. Manajan ya rage murya, shi a dole mai hankali. "Ki yi haƙuri, amma ba mu ɓoye komai ba. A rubuce yake a jikin fakiti. Mu namu jerawa ne. Karantawa aikin mai saye ne."

Da zaginta ya yi da ya fi sauƙi. Maganar ta shige ta har ƙashi, don akwai gaskiya a cikinta, kuma daga bakin da ba shi da ikon faɗarta ta fito. Ita da ta bi tukwane da cokula, ita da ta sa miji wanke baki, ita da ta zazzage jakar uwarta a gaban suruki, ba ta juya bayan leda ta duba ba. Hannunta ne ya riƙa sayayya, idonta yana kan agogo.

Ta saki Shalele, ta zura hannu har kafaɗa cikin kantar, ta sharo korayen fakitin nan gaba ɗaya. Suka zube a ƙasa, wasu suka shige ƙarƙashin firji.

"Ga giɓi nan! Ku bar shi haka! Wallahi duk wanda ya sake cike shi sai na dawo!"

"Kira mai gadi," in ji manaja, murmushi ya tafi.

"Kira har da kakansa!"

"Dakata tukuna." Wani mutum ne daga cikin masu kallo, da hular kwano ta babur a hannu. Ya sa hannu a kwandonsa ya fito da koren fakiti, ya juya bayansa, ya daɗe yana dubawa. Fuskarsa ta canza. "Ɗazu na ɗauka a nan. Matata ce ke da ciwon. Kullum a nan nake ɗauka." Ya dubi manajan. "Makon jiya har ƙarin ruwa aka yi mata. Muna ta zargin abincin gidan biki."

Manajan ya ce zai yi magana da na sama da shi, kuma ana iya mayar wa kowa kuɗinsa.

"Riƙe kuɗinka ka sayi turare," in ji Barkono.

Mai furfurar nan, wanda tun ɗazu yake durƙushe yana tsince fakiti, ya miƙe. Bai dubi manaja ba. Ya sa farce ya ɓanɓare doguwar alamar daga bakin kantar, ya naɗe ta ya sa a aljihu. Ya ce wa Barkono a hankali, "Ban sani ba, Malama. Na ɗauka duk biskit ne." Ta so ta zage shi shi ma, sai ta dubi furfurarsa ta fasa. Ta ja 'yarta suka fita.

A waje Shalele ta fara kuka, ba don ciwo ba. "Mama, kin zubar da biskit ɗina."

"Ba naki ba ne."

"Nawa ne! Mai daɗin ne!"

Barkono ta ɗauke ta cak, yarinyar da ta isa ta fi ƙarfin ɗauka amma ba ta fi ba. Haka ta bi titi da ita a kafaɗa, kanti bayan kanti, tana tambaya, ana girgiza mata kai. Sai a wani kantin magani can bayan tasha ta samu na gaskiyar, an ajiye shi a bayan gilashi. Ta tsaya a gaban mai kantin ta duba da'ira, ta duba layi, ta karanta bayan fakitin tun daga sama har ƙasa, ta koma sama, har mutumin ya tambaye ta ko lafiya.

A gida ta juye gwangwani mai jan murfi a shara, ta wanke shi da ruwan zafi, ta sake wankewa, daga baya ta jefar da shi gaba ɗaya. Ta kira mai shagon guga ta ce yau ba za ta dawo ba, ya yi abin da zai yi. Sannan ta zauna a bakin gado da waya a hannu. Faɗa da manaja bai ba ta wahala ba ko kaɗan. Wannan kiran ne mai wuyar.

Inna ta ɗauka.

"Inna, ni ce."

"Na sani."

Barkono ta zayyana mata duka, da sikeli, da tiyo, da giɓi, da koren fakiti. Ta zagi manaja, ta zagi kamfani, ta zagi motar da ba ta kawo kaya ba. Da ta zo inda ya kamata ta faɗi abin da ya sa ta kira, sai harshen ya yi nauyi. "To... shi ke nan dai. Ba ke ba ce."

"Na ji," in ji Inna, ta kashe.

Rana ta yi sanyi, mijin bai dawo ba tukuna, Shalele na kwance a ɗaki, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Barkono ta buɗe. Inna ce, tana haki saboda benen, mayafinta a kafaɗa. Ta ɗan faɗa a fuska.

"Sannu da zuwa, Inna. Shigo."

Inna ba ta ɗaga ƙafa ba. Ta sauke baƙar jakar daga hammata, ta zuge zip ɗin, ta buɗe bakinta da hannu biyu ta miƙo.

"Duba."

"Haba, Inna."

"Duba, Barkono. Ba na shiga gidan mutane ba a duba ni ba."

"Don Allah, Inna, ki bari. Na yi kuskure. Ki yafe min."

"Ban zo don ke ba, wurin ƙawata na zo. Duba in wuce, ƙafata na ciwo."

Dole ta duba. Makullai, hankici, maganin hawan jini. Babu lemo, babu dabino, babu komai na taɓa baki. Tunda Barkono ta yi wayo ba ta taɓa ganin jakar nan ta iso haka ba sai yau, ana hango gindinta, har da ɗinkin da ya fara warwarewa a kusurwa. Idonta ya ciko don haushin kanta.

Daga ɗaki muryar Shalele ta taso. "Inna ce? Mama, Inna ce?" Aka ji saukar ƙafafunta daga gado.

Barkono ta juya da sauri, ta ɗauko sabon fakitin daga kan tebur, teburin nan dai da ta zazzage jakar a kansa, ta tura shi cikin jakar uwarta.

Inna ta dubi fakitin, ta dubi 'yarta.

"Wannan kin karanta shi, ko shi ma da hannu kika saya?"

"Na karanta."

Inna ta zuge zip ɗin, ta mayar da jakar hammata, ta tsallako ciki. Shalele ta taho da gudu iya ƙarfinta, ko gaisuwa ba ta gama ba ta fara laluben zip.